Gadarif: Ba tallan da ya ci lambar yabo ke zaɓa wa mutum kwamfuta ba

Abubuwa biyu sun faru a duniyar kwamfuta a shekarar 2025, wata huɗu tsakaninsu. A watan Yuni, bikin Cannes Lions na ƙasar Faransa, wanda shi ne taro mafi girma na masu sana'ar talla a duniya, ya bai wa kamfanin Apple lambar gwarzon mai tallata haja na shekara, karo na biyu ke nan bayan ta 2019. A ranar 14 ga Oktoba kuma, kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro kyauta ga manhajar Windows 10, bayan ta shekara goma tana aiki.

Labarin farko bai canza komai ba a Gadarif, garin riɗi da dawa da ke gabashin Sudan kusa da iyakar Habasha, inda Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin tafiya aikin hajji a ƙasa. Na biyun kuwa ya shafi galibin kwamfutocin garin, daga na ɗaliban Jami'ar Gadarif zuwa na shagunan buga takardu da na dillalan kasuwar amfanin gona. Duk da haka, labarin farkon ne ya fi kama da abin da matasa ke musu a kansa: wane ne ya fi, mai Mac ko mai Windows, mai iPhone ko mai Samsung. Musu ne da aka ƙera a Amurka da kuɗi masu yawa, aka kuma saka wa maƙeransa da lambobin yabo. A Gadarif, abin da ke ɗaure mutum da wata na'ura daban ne: takunkumi, kayan gyara, ƙarfin batir, da layin da ke kamawa ranar da sauran suka ɗauke.

Yadda aka ƙera gabar

A ranar 22 ga Janairun 1984, ana tsakiyar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka da ake kira Super Bowl, aka nuna wani talla na minti ɗaya da Ridley Scott ya shirya wa Apple. Wata mata ce ta shigo a guje riƙe da guduma, ta jefi wani ƙaton allo da ke yi wa jama'a huɗuba, ta farfasa shi. Ba a nuna kwamfutar tana aiki ba ko sau ɗaya. Saƙon shi ne: mai sayen Macintosh ɗan 'yanci ne, mai sayen na IBM kuwa ɗan bin ayari ne. Tallan ya ci babbar lambar bikin Cannes na wannan shekarar, kuma daga nan masu talla suka gane cewa ana iya sayar da na'ura ba tare da an yi maganar na'urar ba. Ya isa a gaya wa mai saye ko shi wane ne.

Daga 2006 zuwa 2009 Apple ya sake amfani da wannan dabara a jerin tallace-tallace 66 mai suna Get a Mac. Mutum biyu ne ke tsayawa a gaban farin bango. Ɗan wasa Justin Long, saurayi cikin tufafi masu sauƙi, shi ne Mac. John Hodgman, cikin kwat irin ta tsofaffin ma'aikatan ofis, shi ne kwamfutar Windows, kullum yana atishawa saboda cutar kwamfuta, ko ya daskare ana tsakiyar magana. Shirin ya ci babbar lambar Effie ta 2007, mujallar Adweek kuma ta ce shi ne mafi kyau a shekaru goman farko na wannan ƙarni. Abin ya yi wa Microsoft zafi har ya ware dala miliyan 300 a 2008 domin ramuwa, ya haɗa Bill Gates da ɗan barkwanci Jerry Seinfeld, daga baya ya kawo talakawa daga ƙasashe daban-daban suna alfahari da Windows.

Ɗan Sudan ba ya buƙatar a yi masa bayanin irin wannan gaba. Ya san Hilal da Merrikh na Omdurman, ya san gidan da uba ke goyon bayan ɗaya, ɗa yana goyon bayan ɗayar, kuma ko da yaƙi ya tilasta wa ƙungiyoyin biyu zuwa buga gasar Muritaniya a kakar 2024/2025, babu wanda ya canza riga. Irin wannan biyayyar kamfanoni ke nema. Bambancin shi ne, magoyin bayan Hilal ba ya biyan ƙungiyar kuɗin riɗin shekara guda kafin ya shiga sahu.

Su kansu fuskokin tallan ba su riƙi amanar da suke nema daga mai saye ba. A watan Maris na 2021, bayan Apple ya daina amfani da ƙwaƙwalwar Intel a sababbin kwamfutocinsa, sai ga Justin Long a tallan Intel yana kushe Mac. Aikinsa ke nan, an biya shi. Waɗanda suka shekara suna zagin juna saboda shi ne ba a biya ba.

Ya kamata a yi adalci: lambar Effie ana bayar da ita ne ga tallan da aka nuna ya ƙara ciniki, kuma cinikin Mac ya ƙaru sosai a waɗannan shekaru. Amma galibin lambobin wannan sana'a 'yan sana'ar ne ke bai wa junansu. Kamfanin talla ne ke biyan kuɗin shiga gasa, daga ɗaruruwan Yuro zuwa sama da dubu biyu a kan kowane aiki a Cannes, shi ne kuma ke haɗa ɗan gajeren bidiyon da alƙalai ke kallo, wanda ke ba da labarin nasarar aikin. A 2025 an shigar da ayyuka sama da dubu 26. A wannan shekarar ce aka karɓe wata babbar lamba daga kamfanin DM9 na ƙasar Brazil, bayan an gano cewa an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira an jirkita hotunan wani rahoton talabijin a cikin bidiyon da ya gabatar. Lambar yabo tana nuna cewa talla ya burge masu talla. Ba ta cewa komai game da ko allon kwamfutar zai jure ƙurar rani a Gadarif.

Afirka ma tana da nata bukukuwan: Loeries na Afirka ta Kudu tun 1978, LAIF a Legas, da Dubai Lynx wanda ƙasashen Larabawa ke shiga tun 2007. Kusan duk da Turanci, Faransanci ko Larabci ake gudanar da su. Bahaushen Gadarif, na Garwa ko na Kumasi ba kasafai ake tsara talla dominsa ba. Sai dai a fassara masa wanda aka tsara domin wani.

Shekara ashirin a bayan ƙofa

Lokacin da Mac da Windows ke wannan dambe a talabijin, doka ta hana kamfanonin biyu sayar da kaya a Sudan. A watan Nuwamban 1997 shugaba Bill Clinton ya sanya hannu a kan takunkumin kasuwanci, wanda ya haramta wa kamfanonin Amurka kai kaya da manhaja ƙasar. Ɗan Sudan ba ya iya sayen lasisin Windows ta hanyar da ta dace, rumbun manhajojin Apple da na Google a rufe suke gare shi, kuma a farkon 2014 dandalin karatu na Coursera ya toshe ɗalibai daga Sudan tare da na Iran da Kuba. Wani abin lura shi ne, a tsawon wannan lokaci ƙaron Sudan, wanda jihar Gadarif na cikin masu samar da shi, ya ci gaba da shiga Amurka da izini na musamman, domin masana'antun lemon kwalba da na magani ba sa iya yi sai da shi. Ƙaro yana fita, manhaja ba ta shiga.

Sai a watan Fabrairun 2015 Amurka ta sassauta a kan wayoyi, kwamfutoci da manhajojin sadarwa. A Oktoban 2017 aka ɗage takunkumin kasuwancin, a Disamban 2020 kuma aka cire Sudan daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tallafa wa ta'addanci. A wannan shekarar ce wasu bankunan ƙasar suka fara samun lasisin katin Visa. Ba a cika shekara uku da buɗe ƙofar ba, yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023.

Shekara ashirin ta isa ta gina ɗabi'a. Kwamfutar da aka saba da ita ita ce ta hannu, wadda wani ofis a Turai, Amurka ko ƙasashen Larabawa ya gama da ita, ta biyo ta Dubai ta sauka. HP ce, ko Dell, ko Lenovo, ko tsohuwar Toshiba. Mai shago ne ke ɗora mata Windows da Office da ba a biya lasisinsu ba, kuma mai saye bai ɗauki hakan sata ba, tunda ko ya so biya babu inda zai biya. Windows ta ci kasuwar ne saboda ita ake iya kwafa a ɗora a kan kowace na'ura, yayin da manhajar Apple ke tafiya da na'urar Apple kaɗai. Tallan dala miliyan 300 bai taka wata rawa a nan ba.

Har yau Apple ba shi da shago nasa na kansa ko ɗaya a duk faɗin Afirka, sai wakilai. Wanda ya mallaki MacBook a Gadarif, galibi ɗan'uwa ne ya aiko masa daga Saudiyya ko Daular Larabawa, kuma ya san cewa ranar da allonta ya fashe tafiya ta same shi. Mai HP kuwa zai iya samun caja, batir ko madannai a jikin wata matacciyar HP da ke ƙarƙashin teburin mai gyara. Shi ya sa idan aka ji wani na rantsuwa da HP, a bincika, za a tarar mai gyaran unguwarsu ne ya fi ƙwarewa a kanta. Mai gyara shi ne babban mai talla a irin wannan kasuwa, ko a Gadarif, ko a Farm Centre ta Kano, ko a Maraɗi, kuma babu bikin da ke ba shi lamba.

Kwamfutar talaka tana aljihu

Ga mafi yawan mutane, musun Mac da Windows ma bai taso ba, domin wayar hannu ce kwamfutarsu ta farko kuma ta ƙarshe. A nan gabar ta gaske tsakanin Samsung ce da 'ya'yan kamfanin Transsion na ƙasar Sin: Tecno, Itel da Infinix. An kafa kamfanin a 2006, ya mayar da hankali kan Afirka tun 2008, ya buɗe masana'antar haɗa waya a Habasha, maƙwabciyar Gadarif, a 2011. Yau kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a nahiyar nasa ne.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manyan kamfanoni suna ƙera waya domin mai layi ɗaya, mai wutar lantarki dare da rana. Transsion ya ƙera mai ɗaukar layi biyu ko fiye, mai batir da ke kwana biyu, mai kyamarar da aka daidaita domin baƙar fata, ya sanya harsuna irin su Hausa, Swahili da Amharik, ya kuma kafa shagunan gyara na Carlcare. Tallansa na farko fenti ne a bangon shaguna da gidaje. Sai da ya kama kasuwa sannan ya shiga manyan yarjejeniyoyi, da Manchester City a 2016, da gasar cin kofin Afirka da aka buga a Cote d'Ivoire a farkon 2024. Kaya ne suka fara tafiya, talla ya biyo baya.

Binciken Brand Africa 100, wanda ke tambayar 'yan Afirka sunayen hajojin da suka fi ƙauna, ya sha sanya Samsung da Tecno a cikin goman farko. Ya kuma nuna wani abu mai ɗaci: a 'yan shekarun nan, hajojin da asalinsu na Afirka ne ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jerin ba. Duk musun da ake yi a majalisa, tsakanin kamfanin Koriya ne da na Sin da na Amurka.

Ita ma wannan ƙaunar tana da tabo. A watan Agustan 2020 wani kamfanin tsaron intanet mai suna Upstream ya bayyana cewa ya gano muguwar manhaja a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin dubu 53 a ƙasashe irin su Habasha, Ghana, Kamaru, Masar da Afirka ta Kudu, wadda ke cinye data tana kuma ƙoƙarin shigar da masu waya cikin tsare-tsaren biyan kuɗi ba da saninsu ba. Da ita aka sayar da wayoyin. Transsion ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya, ya ce ya fitar da gyara. Masu wannan wayar mai araha su ne mafi ƙarancin kuɗin da za a sace, kuma su ne ba su da hukumar da za su kai wa ƙara.

Abin da yaƙi ya koyar

Yaƙin bai shiga cikin garin Gadarif da ƙafa ba, amma ya cika shi da mutane. Bayan dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamban 2023, da Sinja a ƙarshen Yunin 2024, dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira sun kwararo jihar, ƙari a kan 'yan Tigray da suka fara shigowa tun ƙarshen 2020, aka ajiye su a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba. Yawancinsu sun baro komai, ban da waya. A cikinta kuɗinsu yake, da hotunan takardunsu, da lambobin 'yan'uwa.

Kamfanonin layi uku ne ke raba kasuwar Sudan: Zain mai asali daga Kuwait, MTN na Afirka ta Kudu, da Sudani na kamfanin Sudatel. Dukansu sun kashe kuɗi a talla shekara da shekaru, kowa da launinsa da waƙarsa, musamman a watan azumi. A farkon Fabrairun 2024 duk ukun suka ɗauke. Majiyoyin sadarwa sun zargi RSF, wadda ke riƙe da cibiyoyin kamfanonin a Khartum, ita kuma ta zargi sojoji da katse layi a Darfur tun da farko. Sudani ne ya fara dawowa a gabashin ƙasar bayan ya kafa wata cibiya a Port Sudan, Zain ya biyo baya a watan Maris. A waɗannan makonni babu wanda ya tsaya tuna tallan da ya fi burge shi. Layin da ya kama shi ne layin kowa.

Masu karatu a wasu ƙasashe sun san wannan. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta wata 16 daga Maris 2018. An katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato a Satumban 2021. A Sudan ɗin ma, bayan kisan masu zaman dirshan a Khartum ranar 3 ga Yunin 2019, intanet ta yi fiye da wata a rufe, har sai da wani lauya, Abdel-Azim Hassan, ya kai Zain kotu. Hukuncin farko layinsa shi kaɗai aka buɗe. Wayar da ke ɗaukar layi biyu ba ado ba ce a irin waɗannan wurare.

Babu inda dogaro ya yi kama da ƙauna kamar a manhajar Bankak ta Bankin Khartum. Da yaƙi ya tsayar da cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasar, tura kuɗi daga wani banki zuwa wani ya gagara, sai a cikin banki ɗaya. Tunda Bankak ta fi kowa yawan mutane, sai kowa ya koma inda kowa yake. Akwai Fawry ta Bankin Faisal da O-Cash ta Bankin Omdurman, amma mai shayi da mai kayan miya sun fi tambayar Bankak. Canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara ranar 10 ga Disamban 2024 a jihohin da ke hannun sojoji, har da Gadarif, ya ƙara ɗaure abin: sai mutum ya zuba tsofaffin kuɗinsa a asusun banki, abin da zai iya cirewa a rana kuma an ƙayyade. Wannan ya zo daidai da girbin dawa, lokacin da manomi ke buƙatar tsaba a hannu domin biyan 'yan ƙwadago. Duk kamfanin talla zai so ya ce shi ya samar da irin wannan riƙo. Gaskiyar ita ce, ranar da manhajar ta tsaya, cinikin gari ne ke tsayawa.

Sai kuma wuta. A watan Janairun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari tashar lantarki ta Shuwak da ke jihar, Gadarif da Kasala da Sinnar suka shiga duhu. A Yulin wannan shekarar hukumar sadarwa ta toshe kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp. Mai neman kwamfuta a irin wannan hali, tambayarsa ta farko awa nawa batir ke yi, kuma ko ƙaramin sola zai iya cika shi. Abin mamaki, a wannan fannin sababbin MacBook na cikin waɗanda suka fi kowa, sai dai farashinsu da rashin kayan gyara sun fitar da su daga lissafi.

Bayan 14 ga Oktoba

Kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ba ta mutu ba ranar 14 ga Oktoban 2025. Tana kunnuwa, tana buga takarda. Abin da ya tsaya shi ne toshe kafofin da 'yan kutse ke ganowa wata-wata. Duniya ta ga illar hakan a watan Mayun 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Birtaniya, ta wata kafa da aka riga aka fitar da maganinta amma ba a ɗora ba.

Shawarar Microsoft ita ce a koma Windows 11. Ita kuwa tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas zuwa sama, wato kusan abin da aka ƙera daga ƙarshen 2017. Da yawa daga kwamfutocin hannu da ke yawo a kasuwannin Sahel sun girmi haka. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan sharaɗi. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda wani kaso nasu zai nufa. Za su iso da tsabta, da araha, da tambarin HP da Dell da aka amince da shi, kuma tambarin ne zai sayar da su. Mai saye da ya tsaya a kan sunan kamfani bai tambayi zubin ƙwaƙwalwar ba, zai biya kuɗinsa a kan abin da masu shi na farko suka yar domin wa'adinsa ya cika.

Microsoft ya bayar da ƙarin wa'adin shekara guda, zuwa 13 ga Oktoban 2026, ga wanda ya biya dala 30 ko ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya ajiye saitunanta a can. A Turai, bayan matsin lambar ƙungiyar kare masu saye ta Euroconsumers, an sassauta sharuɗɗan. Amma tsarin yana buƙatar Windows mai lasisi na gaske, kuma a nan ne tarihin takunkumi ke dawowa: wadda mai shago ya ɗora ba za a dogara da ita ba. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a sansanonin jihar suna da ofisoshin da za su saya musu sababbi. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri, da dillalin riɗi da ke ajiye lissafin buhuna a Excel, da mai shagon da jama'a ke kawo wa fasfo da takardar shaidar ɗan ƙasa yana kwafa, su ne suka rage. Na ƙarshen ya fi zama abin damuwa, domin bayanan da ke kwamfutarsa na wasu ne, kuma kowace rana ana soka mata filas daga hannu daban-daban.

Ɓangare na uku a wannan tsohuwar gaba, masu Linux, sun ga dama ta samu, har suka ƙaddamar da gangamin End of 10 suna kira da a ɗora manhajarsu a kan tsofaffin na'urori. Hujjarsu mai ƙarfi ce: kyauta ce, ba ta buƙatar katin banki, Linux Mint ko Ubuntu suna tafiya a kan kwamfutar da ta shekara goma, kuma suna rubuta Larabci da boko. Raunin shi ne wanda magoya bayanta ba sa son ji. Takardar Word ta Larabci mai tebura takan hargitse idan aka buɗe ta a LibreOffice, wasu na'urorin buga takarda ba sa amsawa, manhajar lissafin kuɗi da shago ya saba da ita ta Windows ce, kuma mai gyaran da ya iya Windows ido rufe bai taɓa ganin Linux ba. Idan ta rikice a Gadarif, wa za a kai wa?

Wannan tambaya tana da amsa a kusa. Jami'ar Gadarif na koyar da kimiyyar kwamfuta, garin kuma ya samu ƙwararru da yaƙi ya koro daga Khartum da Wad Madani, waɗanda wasunsu suka fara komawa tun da sojoji suka ƙwato biranen biyu a farkon 2025. Horar da masu gyara 'yan kaɗan a kan Linux, da koya wa masu shagunan buga takardu raba kwamfutar aiki da wadda ke shiga intanet, bai kai kuɗin shigar da talla ɗaya a gasar Cannes ba. Babu kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, tunda babu abin da zai sayar. Ga wanda zai sayi kwamfuta ta hannu a wannan kakar, bayan an sayar da riɗi, lambar da ke gaban i5 ko i7 ce abin dubawa: idan ta fara da 6 ko 7 kuma lamba huɗu ce, a ƙa'ida Windows 11 ba ta karɓarta, ko da wane tambari ke jikin murfin.